Ga ƙannena masu karanta ilimin halayyar ɗan Adam a waya

Duk ɗalibin da ke da waya da ɗan kuɗin data a yau, yana iya halartar ajin da Farfesa Paul Bloom ya koyar a Jami'ar Yale yana kishingiɗe a ɗakinsa a Jos ko Kano, domin tuni jami'ar ta ɗora laccocinsa na gabatarwar ilimin halayyar ɗan Adam a YouTube kyauta. Littafin OpenStax na Jami'ar Rice ma kyauta ne, ka sauke shi sau ɗaya ka yi ta karantawa ba tare da data ba. Ga Noba, inda masana suka rubuta darussa gajeru-gajeru, ga Crash Course mai bidiyo 40 da aka fara saki a 2014. Alheri ne babba, ban kuma rubuto don in kushe shi ba. Sai dai cikin wannan yalwa na yi asarar shekarata ta farko a jami'a, ba na kuma son ku bi sawuna.

Tarawa na yi ta yi. Duk littafin da aka jefo a zauren WhatsApp na ajinmu sai na sauke, duk bidiyon da aka yaba sai na kalla da dare lokacin da data ke araha. In mai bayani yana magana, komai a fili yake, ina ta gyaɗa kai. Ranar jarrabawa aka ce mu bambanta koyo irin na gwajin Pavlov da irin na Skinner, mu kawo misali daga rayuwarmu. Na tuna kare da yawunsa, na tuna ɓera a cikin akwati, har kalar zanen da ke bidiyon na tuna, amma biro ya ƙi tafiya. Na zama mai rumbu cike da hatsi wanda bai taɓa surfa ko tiya ɗaya ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, fannin da nake karantawa ya riga ya yi bayanin wannan cuta. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, kuma su ne suka fi amincewa da kansu. Bayan mako guda sai labari ya sauya, waɗanda suka wahalar da ƙwaƙwalwarsu wajen tunowa suka yi musu fintinkau. Wanda ya yi allo ya san wannan tun yana yaro, domin ba a wanke wa almajiri sai ya kife allon ya kawo hadda. To ku yi haka da waya. Ku zaɓi littafi ɗaya ya zama uwa, bidiyo ya zama ɗan rakiya. In kun gama babi, ku kife wayar, ku ɗauki takarda ku rubuta abin da ya zauna, ku amsa tambayoyin ƙarshen babin, sannan ku sake gwada kanku bayan kwana biyu ko uku. Za ku ji kamar ba ku san komai ba, kada wannan ya karya muku gwiwa, a daidai nan ne karatun ke shiga.

Kuskurena na biyu ya fi na farko haɗari, domin a gaban jama'a na yi shi. Na kalli jawabin Amy Cuddy na dandalin TED na 2012, inda ta ce in mutum ya tsaya ya buɗe ƙirji ya riƙe ƙugu na minti biyu, sinadaran jikinsa za su sauya, ya ƙara samun ƙarfin gwiwa. Na ɗauko shi ɗungurungum na gabatar a aji a matsayin tabbataccen ilimi. Malamarmu ta bari na gama, ta ce, "Mutum nawa aka yi wa gwajin?" Na yi shiru. Mutum 42 ne kacal a binciken farko na 2010. A 2015 wasu masana suka maimaita shi da mutum 200, ba su ga wani sauyi a sinadaran ba, a 2016 kuma Dana Carney, wadda sunanta ne farko a kan takardar asali, ta fito ta ce ita kanta ba ta ƙara yarda da sakamakon ba. Kuma ba wannan binciken kaɗai ba ne. A 2015 ɗin dai, gungun masana ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek sun maimaita bincike 100 da aka buga a manyan mujallu, kusan 36 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi irin na farko.

Saboda haka duk maganar da ta burge ku, ku bi ta har gida. Ku rubuta sunan mai binciken a Google Scholar, ku karanta taƙaitaccen bayanin, ku duba yawan mutanen da aka gwada, ku danna wurin da ke nuna waɗanda suka ambaci aikin daga baya, ku ga ko an ƙaryata shi. In takarda ta kuɗi ce, ku nemi kwafinta a rumbunan takardun bincike na intanet irin su PubMed ko PsyArXiv, ko ku tambayi ma'aikatan laburaren jami'arku, ko ma ku aika wa marubucin saƙo, da yawansu suna turowa. Manhajojin nan masu amsa tambaya kuwa, suna iya ƙirƙiro sunan takarda da shekara da mujalla alhali babu ita a duniya, don haka kada ku saka abin da ba ku buɗe da idonku ba.

Ƙididdiga kuma kada ku guje ta kamar yadda na yi. Na biya wani a shagon kwamfuta ya yi mini lissafin babi na huɗu na furojat, ranar kare aiki aka nuna mini lamba ɗaya a jadawalina na kasa faɗin ma'anarta. Manhajojin ƙididdiga na JASP da jamovi kyauta ne, suna yin kusan duk abin da ɗalibin digirin farko ke nema a manhajar SPSS. Ku fara wasa da su tun kuna aji biyu.

Akwai kuma abin da bidiyo ba zai gaya muku ba, wato su wa aka yi binciken a kansu. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa sun nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwadawa a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma suke, ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Ni ban ɗauki wannan da muhimmanci ba sai da na sauko da wata takardar tambayoyi ta auna kaɗaici, na fassara ta ni kaɗai, na shiga unguwa da ita. Wata matar aure na karanta wa tambayar sau nawa take fita shaƙatawa da ƙawaye a wata. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Fita kuma? Ai su suke zuwa." Tsakar gidan cike yake da mata da yara, ana ta tsinkar zogale ana hira, amma a lissafin takardata ta faɗa cikin masu fama da kaɗaici. Kafin ku yi amfani da irin wannan takarda, ku bincika ko an taɓa gwada ingancinta a Najeriya ko Nijar. African Journals Online, rumbun mujallun bincike na Afirka a intanet, wuri ne mai kyau na farawa. In dole ne ku fassara, wani ya mayar da ita Hausa, wani daban ya sake mayar da ita Turanci, ku gwama, ku gwada ta a kan mutane kaɗan tukuna. Ku kuma karanta tarihin Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, wanda a 1954 ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tare da 'yan uwansu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Ya yi karatu a Ingila, amma da ya dawo gida bai kwafo tsarinsu yadda ya gan shi ba.

Da zarar an ji abin da kuke karantawa, 'yan uwa za su fara kawo muku matsalolinsu. Na taɓa duba jerin alamomin wata cuta a intanet na laƙaba wa wani ɗan uwana sunanta, sunan ya bi shi a dangi, daga baya likita ya ce ba ita ba ce. Har yau ina jin nauyinsa in mun haɗu. Ku saurari mutum da kyau, ku rufa masa asiri, in abin ya yi tsanani ku raka shi wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano.