Baƙo a majami'a: abin da ke biyo bayan tafin ranar Lahadi

"Duk wanda yau ne zuwansa na farko, ya miƙe mu san shi." A majami'un ECWA, COCIN ko EYN (manyan ɗarikun Kirista a arewacin Najeriya) da ake sujada da Hausa, da wuya lokacin sanarwa ya wuce ba a faɗi haka ba. Baƙo ya miƙe, ya faɗi sunansa da garinsu, a tafa masa, wani lokaci mawaƙa su yi masa waƙar maraba. Cikin minti biyu an gama. Ko zai dawo ko ba zai dawo ba, kwana shidan da ke biye ne za su nuna.

Tun wajen rubuta suna ake fara sakaci. Masu tarbar baƙi su rubuta "Ɗan'uwa daga Biu", ba lambar waya, ba unguwa, ba kwatancen gida, littafin kuma ya kwana a durowar sakatare har wata Lahadin. Kamata ya yi kafin Laraba sunan ya isa hannun dattijon da ke kula da unguwar, mutum biyu su je gaisuwa, mata wajen mace, maza wajen namiji. Rabin awa ya isa, kuma kada a mayar da ziyarar wa'azi. A tambayi inda yara za su shiga makaranta, ko an san asibiti mafi kusa, ko maigida ya samu abin yi. Zumunta a ƙafa take. Saƙon WhatsApp bai kai sallama a ƙofar gida ba.

Kai kuma baƙo, ka taho da takardar shaida daga ikilisiyar da ka baro. Ita ce za ta nuna an yi maka baftisma kuma ba ka ƙarƙashin horon ikilisiya, ta sauƙaƙa maka cin Jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon da ake sha don tunawa da mutuwar Yesu) da maganar aure in ta taso. Ba kowa ke da ita ba. A watan Oktoba na 2014, da Boko Haram ta kama Mubi da hedkwatar EYN da ke Kwarhi, mutane sun gudu Yola, Jos da Abuja da kayan jikinsu kawai. Irin wannan baƙo, dattawa su kira tsohon fastonsa a waya ko su nemi shaidar waɗanda suka san shi. Barin mutum ya shekara a kujerar baya saboda takarda rashin tausayi ne.

Ainihin zama ɗan gida a ƙananan ƙungiyoyi ake samunsa, kuma a ganina babu kamar Zumuntar Mata. Suna taruwa a tsakiyar mako, suna da anko, suna da asusu, suna waƙa da tulu da kacau-kacau. In haihuwa ce, ga su da sabulu da zane. In rasuwa ce, kafin dangi su iso daga ƙauye sun ɗora tukunya. Maza sun fi nauyin jiki a wannan fanni, gaskiya. Matasa na da ƙungiyar mawaƙa, ƙungiyar bishara ta Sabon Rai da su Boys' Brigade, ƙungiyar yara maza masu fareti. Ka zaɓi ɗaya, ka riƙe ta wata uku ba fashi. Wanda ya shiga ƙungiya uku lokaci guda, a kowacce sunansa baƙo.

Akwai abin da ba a cika son faɗa ba: yare. Ana tashi daga sujada sai a rabu gungu-gungu, nan Bura, can Ngas, gefe Tangale, kowa ya koma harshen gida, baƙo yana tsaye jikin babur ɗinsa yana latsa waya. Ba mugunta ba ce, sabo ne, amma shi abin da ya gani ke nan. In baƙo ya matso, a juya zance zuwa Hausa.

Sai yadda ake ba da taimako. A kira sunan gwauruwa daga kan bagade a gaban jama'a a miƙa mata buhun masara ana tafi, ta karɓa dai, amma mai yiwuwa ba za ta sake faɗin damuwarta ba. Gara mutum biyu daga kwamitin jin ƙai su kai mata gida da yamma, a rubuta a littafi, ban da su, fasto da ma'aji kaɗai su sani. Haka nan kada a tari sabon zuwa da katin kuɗin gini da kuɗin anko a watansa na farko, alhali bai gama biyan haya ba. In kuma rance ne tsakanin 'yan'uwa, a rubuta adadi da ranar biya a gaban dattijo ɗaya, domin wanda bashi ya yi wa nauyi yakan fara da zama a kujerar baya, daga nan a daina ganinsa.