Wilin baya da ya cinye min awanni a hanyar Kano zuwa Zariya

Karon farko da na tashi daga Kano zuwa Zariya a keken tsere sai da na kwashe awa 8 da minti 50, tafiyar da ba ta wuce kilomita 150 da ɗan wani abu ba. Na iso Kwangila ƙafafuna na rawa, ina ta tunanin ko dai ƙarfina ne bai kai ba, don wallahi tun daga Kwanar Dangora nake jin kamar wani ya riƙe min keken ta baya. Sai da na sauka na ɗaga bayan keken na juya wilin da hannu sannan na ga abin da ke faruwa, ko zagaye uku bai yi ba ya tsaya cak, duk zagaye sai rim ɗin ya goga robar birki ta hagu, shap, shap. Ashe tun wajen Chiromawa da na kauce wa wata tirela na faɗa rami wilin ya karkace, na yi ta tuƙi da rabin birki a kame ban sani ba.

Keken ɗan kwatano ne, wilinsa mai girman 700c irin na keken tsere, wayoyi, wato siraran ƙarafan nan da ke haɗa rim da cibiyar wili, 32 a baya 28 a gaba, kuma tun da na saye shi ban taɓa duba wayoyin nan ba, ni dai in buga iska in sa mai a sarƙa shi ke nan.

Da na dawo gida sai na ce ai abu ne mai sauƙi bari in gyara da kaina. Na ɗauko filaya na kama ɗan notin da ke bakin kowace waya a wajen da ya karkace na yi ta murɗawa, duk inda na ga ya leƙo gefe sai in ƙara ɗaurewa, ban sassauta ko ɗaya ba. Cikin awa guda na cinye kan noti biyu sun zama kamar gero, ba abin da zai ƙara kama su, rawar gefe ta ɗan ragu amma wilin ya koma tsalle sama da ƙasa kamar ƙwai. Raina ya ɓaci sosai ranar nan don na san kuɗin sabon wili ba na wasa ba ne.

Akwai wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, tun zamanin da Raleigh da Phoenix ke tashe yake wannan aiki, shi na kai wa. Ya juya wilin sau ɗaya, bai ma kalli rim ɗin ba, sai ya sa farce yana kaɗa wayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar mai gwada tsirkiyar molo, wata ta ce ting wata ta ce tum. Ya ce, "Ɗana, kai da ido ka yi gyaran, wannan aikin kunne ne. Ji wannan, ji wannan, ka ji muryarsu ɗaya?" Na ce, "A'a Baba." Ya ce to ai matsalar ke nan, wasu na ɗauke da kayan duka wasu suna barci.

Nan na zauna kan benci kusan awa biyu ina kallonsa, kuma abin da na koya ranar nan shi ne nake amfani da shi har yau. Ya fara sace iskar tayar, ya ɗiga mai a kan kowane noti, ya canza biyun da na lalata. Sannan ya ɗaure tsinken ashana da kyauro a jikin ƙarfen keken daidai bakin rim, in ya juya wilin duk inda rim ya taɓa tsinken sai ya shata da alli. In rim ya leƙo hagu, wayoyin da suka taso daga ɓangaren dama na cibiyar wilin su ake ɗaurewa don su jawo shi, na hagun kuma a ɗan sassauta musu daidai gwargwado, ni kuwa wannan sassautawar ce ban yi ba shi ya sa na janyo rim ɗin ciki ya yi ƙwai. Kuma bai taɓa murɗa noti fiye da rubu'in zagaye a lokaci ɗaya ba, wani lokacin ma rabin haka, ya murɗa ya juya ya duba, ya murɗa ya juya ya duba. In ya murɗa sai ya ɗan wuce kaɗan ya dawo baya, don ita wayar kanta tana murɗewa tare da notin, in ka bar ta haka da ka hau keken za ka ji ƙas ƙas ta warware gyaran ya koma. A ƙarshe ya bi wayoyin bibbiyu yana matse su da tafin hannu da ƙarfi, ya sake dubawa, ya sake ɗan taɓawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wilin baya ba a ɗaure ɓangarorinsa biyu daidai. Ɓangaren da giya take wayoyinsa sun fi tsayuwa a miƙe don haka sun fi ɗauri, na ɗaya ɓangaren kuwa sun fi sako-sako tun daga kamfani, shi ya sa su ne ke fara kwancewa. Kenan in kana kaɗa su kana saurare, na dama da na dama za ka gwada, na hagu da na hagu. Waya kuma ba yawan ɗauri ke karya ta ba galibi, mai sako-sako ce ke karyewa, duk zagaye tana saki tana kamawa har ta gaji ta tsinke a lanƙwasar nan ta wajen cibiya. Baba ya kuma gaya min gaskiya cewa in rim ɗin kansa ya lanƙwashe ba yadda za ka yi da waya ka miƙar da shi, nawa dai Allah Ya taimaka bai kai nan ba.

Na nemi ƙaramin sifanan waya na saya, yana zuwa girma-girma, 3.2 da 3.3 da 3.45 na milimita, in ka sa wanda ya yi wa notin yawa to aikin filaya zai yi maka. Yanzu duk ranar Juma'a da yamma ina kifa keken in juya wili biyun in kaɗa wayoyin, minti goma ne, in rawar ba ta wuce rabin milimita ba ba na taɓawa.

Sai maganar lokaci. Da na duba waccan tafiyar a Strava, manhajar da ke ajiye lissafin nisa da lokacin tafiya, na ga awa 7 da minti 5 ne kawai nake kan feda, sauran kusan awa biyu duk a tsaye suka tafi, shayi a Kura, hira a Tashar Yari, neman ruwa, hutun da na ce minti biyar ya zama ashirin. Wannan ya dame ni ƙwarai, don ba ƙarfi ake buƙata a gyara shi ba. Na koma cika aljihun riga da dabino da ayaba ina ci a kan keke duk bayan minti 30 tun kafin yunwa ta zo, gora biyu, ɗaya ruwa zalla ɗaya da ɗan gishiri da suga.

Taya ma na canza daga mai faɗin milimita 25 zuwa 28, na kuma daina buga mata iska har 110 a ma'aunin famfo (psi) kamar da, ina barinta wajen 80. Da ina ganin taya mai tauri kamar dutse ita ce gudu, amma a kwalta mai kaushi tsalle kawai take yi tana girgiza ka, kuma duk dukan da ba ta shanye ba wilin ne ke shansa. Na kuma daina tura giya mai nauyi, ina sa mai sauƙi ƙafa na zagayawa wajen 85 zuwa 90 a minti, gwiwata ta daina ciwo. Wata biyu ina zuwa Wudil in dawo duk Asabar bayan asuba, ina koyon kwantar da ƙirji in kama ƙasan kan keken, don da zarar ka wuce kilomita 25 a awa yawancin ƙarfinka da iska kake kokawa.

Karo na biyu cikin hunturu muka yi shi, ni da wani abokina, kuma da gangan muka zaɓi lokacin tunda iskar daga arewa maso gabas take busowa, mai tafiya Zariya tana bayansa. Mun bar Na'ibawa gari na fara wayewa, sanyi na cizon yatsu, muna karɓa-karɓa, wannan ya ja gaba minti biyar wancan ya lafe a bayan tayarsa ya huta. Tsayuwa biyu kawai muka yi, ɗaya cika gora ɗaya faci da tayar abokina ta yi bayan Tashar Yari. Awa 5 da minti 55 a kan feda, 6 da rabi gaba ɗaya. Na san iskar ta ba mu nata kason, amma da muka sauka abin da na fara yi shi ne ɗaga bayan keken na juya wilin, ya yi ta zagayawa shiru tsakanin robobin birki har na gaji da riƙewa na ajiye.

Washegari na biya wajen Baba da ledar goro, ya karɓi keken ya kaɗa wayoyin baya ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wata ta hagu ya ce in miƙo masa sifanan, ya ƙara mata rubu'i.