Ku kulle ƙofar mai gyara da hannunku

Ƙannena masu koyon aikin kwamfuta, kuskuren da muka tafka a zamaninmu, har da ni, shi ne ɗaukar cewa wanda ya sayar mana da inji shi zai kulle shi.

A shekarun 1980 kwamfutocin VAX na kamfanin DEC kan zo da asusun shiga a shirye, kowane da sunansa da kalmar sirrinsa. SYSTEM kalmar sirrinsa MANAGER, SYSTEST tasa UETP, sai FIELD na injiniyan kamfani mai zuwa gyara, tasa SERVICE. Na ukun nan ne ya fi cin mu. Mai gyara yana zagaya ofisoshi barkatai, ba ya son haddace kalma dabam a kowane wuri. Mu kuma muna tsoron kada injin ya tsaya cikin dare, ya nemi shiga injin ta layin tarho ya tarar mun canza. Sai kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Ga asusun da iko kusan irin na mai gida, ga kalmar rubuce ɓaro-ɓaro a littafin da ke zuwa da injin.

Irin waɗannan kalmomi na cikin abin da Markus Hess, wani mai kutsen kwamfuta daga Hannover ta Jamus, ya riƙa gwadawa a 1986 yana kutsawa kwamfutocin sojan Amurka. Giɓin senti 75 na dalar Amurka a lissafin kuɗin amfani da kwamfuta na ɗakin bincike na Lawrence Berkeley ne ya sa Clifford Stoll, mai kula da kwamfutocin wurin, ya bi sawunsa.

Gyaran ba ya cin minti biyar. A VMS, manhajar da ke tafiyar da VAX, sai ka shiga AUTHORIZE, shirin kula da asusu, ka rubuta MODIFY FIELD/FLAGS=DISUSER, asusun ya rufe. Ranar da mai gyara ya zo ka buɗe da NODISUSER, ka ba shi sabuwar kalma, yana fita ka sake rufewa, ka zare wayar modem, na'urar da ke haɗa injin da layin tarho. Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan inji ya lalace: in ka dawo da tsohon SYSUAF.DAT, fayil ɗin asusu da kalmomin sirri, daga tef ɗin ajiya, tsoffin kalmomin sun dawo ke nan. Dole ka sake dubawa.

Yau wasu rauta (na'urar rarraba intanet) da kyamarorin tsaro ne ke zuwa da suna admin, kalmar sirri admin, kuma da kalmomi kimanin 60 irin wannan muguwar manhajar Mirai ta kame ɗimbin na'urori a 2016. Kafin mai haɗa muku na'ura ya tattara kayansa, ku sa ya nuna muku duk asusun da ke ciki. Ku canza kalmomin da kanku, sannan ku gwada tsohuwar ku tabbatar ta daina buɗewa.