Abin da allurar geji ba ta faɗa maka game da mashigar waya a ginin riyakta

An gina ginin da ke killace riyakta, wato tukunyar nukiliya ta tashar lantarki, don kada komai ya fita: kankare mai kaurin mita ɗaya ko fiye, da shimfiɗar ƙarfe daga ciki. Amma famfuna da bawul-bawul da na'urorin awo da ke ciki ba sa aiki sai da wuta, don haka dole a huda bangon a shigar da waya. Kowace huda ana sa mata mashiga: bututun ƙarfe da aka binne a bango, faifan ƙarfe marar tsatsa da ke rufe bakinsa, sai wayoyin jan ƙarfe da ke ratsa faifan, an liƙe kewayensu da ifoksi ko gilashi ko siramik. Liƙin biyu ne a jere, ana cika tsakaninsu da busasshiyar iskar naitirojin a sa geji, wato ma'aunin matsi. Idan allura ta sauka, wani abu ya fara yoyo tun ɗaya liƙin yana riƙe.

Gwajin yoyo muna yin sa ne lokacin da aka kashe riyakta don sauya makamashi. A Amurka dokar 10 CFR 50, a Ratayen J, ta sa mashigar waya cikin gwaji nau'in B, kuma ta ce a gwada da matsin da bai gaza wanda aka lissafa ginin zai fuskanta a hatsarin da aka tsara shi ya jure ba. A manyan gine-ginen riyakta mai matsattsen ruwa, wannan yakan kai bar 3 zuwa 4 (bar ɗaya kusan matsin iskar da ke kewaye da mu ne). Yoyon duka mashigai da na bawul-bawul ɗin rufe gini, idan aka haɗa, ba zai wuce kashi 60 cikin 100 na yoyon da aka yarje wa ginin gaba ɗaya ba.

Abu na farko da na koya shi ne kada in taɓa komai kafin awon farko. Hannu yana ƙaiƙayi ya ɗaure notin da ya ga ya saki, amma da zarar ka ɗaure, ka shafe shaidar halin da mashigar ta kasance a ciki duk watannin da riyakta ke aiki. Ina duba takardar daidaita geji, in rufe bawul ɗin naitirojin na yau da kullum, in jona na'urar gwaji, in ɗaga matsi a hankali. Daga nan sai jira.

Jiran nan ne mutane ke raina wa. Iskar da aka matsa tana ɗumi, idan ta huce matsi ya sauka ko babu rami ko ɗaya. Lissafin ba shi da wuya: a zafin digiri 27, iskar da cikakken matsinta ya kai bar 5 tana rasa kusan milibar 17 idan zafi ya ragu da digiri ɗaya tak. Wurin da ke tsakanin liƙi biyu ƙarami ne, ba ya ɗaukar iska da yawa, saboda haka kunna fankar ɗaki kawai yana iya motsa allura. Ina manna ma'aunin zafi a jikin faifan, ba na fara ƙirga lokaci sai karatunsa ya tsaya. Inda hali ya yi, na fi son hanyar da ake riƙe matsi a wuri ɗaya a auna yawan naitirojin da ake ƙarawa, domin ta fi ba da lamba kai tsaye. Ƙa'idar injiniyoyin lantarki ta IEEE 317, wadda ake ƙera mashigai a kanta, iyakar yoyon da ta yarda da shi santimita kubik 0.01 ce a daƙiƙa, wato 36 a awa guda.

Idan awon ya nuna yoyo, ba na fara zargin liƙi. Sau da yawa laifin yana wuyan geji, ko mazaunin bawul, ko mahaɗar siririn bututu. Ruwan kumfa nake shafawa a kowace mahaɗa in sa ido, kuma sai wanda aka tabbatar ba shi da kolorayid, don kolorayid yana tsaga ƙarfe marar tsatsa a hankali. Harshen wuta kuwa ba ya kusantar wurin. Ranar 22 ga Maris 1975, a tashar Browns Ferry da ke jihar Alabama, an yi amfani da kyandir ana neman yoyon iska a wata kafar kebul da aka toshe da soson foliyuritan. Soson ya kama, wutar ta ci kusan awa bakwai, ta lalata kebul fiye da 1,600. Ba a bangon killacewa na ciki abin ya faru ba, amma daga nan dokokin kashe gobara a tashoshin Amurka suka canza.

Duk wannan ɓangaren bango ne. Geji ba ya gaya maka komai game da wayar kanta, kuma a ganina hatsarin ya fi ɓuya a can. Idan wayoyin wani famfo suka haɗe a cikin gini, wutar da za ta kwararo ta cikin mashigar za ta bi. Zafin da take haifarwa yana ninkuwa huɗu idan wutar ta ninka biyu, kuma idan bireka ta maƙale, wayar za ta gasa liƙin da ke kewaye da ita, liƙi biyun a lokaci guda. Shi ya sa jagora mai lamba 1.63 ta NRC, hukumar da ke sa ido kan harkar nukiliya a Amurka, ta ce dole mashiga ta tsira ko da na'urar kariya ɗaya ta ƙi aiki. A aikace, kariya biyu ake jerawa, bireka biyu ko bireka da fiyus. Ina ɗaukar zane in bi kowane layi in karanta lambar da ke jikin fiyus da idona, domin wani yakan sa babba idan ƙarami ya dame shi da ƙonewa, takarda kuma ba ta sani ba. Saitin bireka ma ina kwatanta shi da iyakar zafin da mai ƙera mashigar ya bayar.

Sai awon rigar waya da mega, na'urar da ke auna yadda rigar ke hana wuta zurarewa. Ana cire na'urorin awo tukuna, in ba haka ba bolt 500 zai ƙone su. Lamba ɗaya ba ta da amfani sosai, sai an jera ta da na shekarun baya, tare da zafin ranar, tunda karatun yana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10. Layukan na'urorin ƙirga niyutiron sun fi kowa saurin nuna matsala, don wutarsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ɗan danshi ko zanen yatsa a mahaɗa ya isa ya karkatar da karatu.

Jelar wayoyin da ke fitowa daga faifan nake haskawa da tocila daga gefe. Masu rigar Kapton, wani nau'in leda, suna jure zafi da tururin nukiliya, amma rigar siririya ce, kuma ƙarzuwa ɗaya idan ta haɗu da ruwa tana buɗe hanya zuwa jan ƙarfe. NRC ta fitar da sanarwa kan wannan a 1988. Abin da ke jawo shi ba wani babban abu ba ne: bakin sukudireba, igiyar ɗaure waya da aka ja fiye da kima, lanƙwasa mai tsanani, ko ƙafar wanda ya mai da akwatin mahaɗa matakala.

Bayan an gama, ina cire na'urar gwaji, in mai da naitirojin kan matsinsa na kullum, wani mutum daban ya sake duba matsayin kowane bawul ya sa hannu. Washegari nakan dawo in karanta geji tare da zafin ɗakin, don murfin bakin gwaji da ba a ɗaure sosai ba sai ya kwana yake nuna kansa.