Eriyar da na rataye a taga

Ɗakina yana can ƙarshen gida, rautar Wi-Fi kuwa, wato na'urar da ke raba intanet, tana shagon Yaya a ƙofar gida, dab da zaure. Tsakaninmu akwai bangon bulo uku da rumfar kwano ta tsakar gida. Laftof ɗina tana ganin sabis ɗin, amma sanda ɗaya take nunawa, da na buɗe bidiyon darasi sai ta tsinke.

Eriyar laftof tana ɓoye ne a murfin, a saman allo. Wasu siraran wayoyi biyu ke tasowa daga katin Wi-Fi su bi ta mahaɗin murfin su kai can. Wani ya ce a buɗe kwamfutar a jona mata eriya kai tsaye, na ƙi, domin bakin da ake jona wayar eriya a katin ƙanƙani ne ƙwarai, ba ya jure cirewa da mayarwa. Sai na sayi adaftar USB mai eriyar da ake kwancewa, TP-Link TL-WN722N. A cikin zangunan da Wi-Fi ke amfani da su, a zangon 2.4 GHz kaɗai take aiki, kuma hakan ya yi mini, don wannan zangon ya fi na 5 GHz ratsa bango.

Da na soka ta a jikin laftof a kan tebur, bambancin kaɗan ne. Sabis ɗin bai isa teburin ba, a taga yake tsayawa. Abin da ya kawo canji shi ne wayar ƙarin tsawo ta USB mai mita 3. Na rataye adaftar a saman taga, wajen da ake hango ƙofar zaure, eriyar a tsaye cak kamar yadda ta rautar take. Ma'aunin ƙarfin sigina ya tashi daga wajen -80 zuwa kusan -65, kuma a wannan lissafi, duk lambar da ta fi kusa da sifili ta fi kyau. Bidiyo ya daina tsinkewa.

A nan nake son a saurare ni, don ina ganin ana zubar da kuɗi. Idan za ka ƙara tsawo, ƙara a wayar USB, kada ka ƙara a wayar eriya. Siririyar wayar eriya tana shanye siginar a hanya, abin da ka samu a taga ya salwanta kafin ya iso. Wayar USB bayanai take ɗauka bayan adaftar ta gama karɓa, don haka babu wannan asara, in dai ba ta wuce mita 5 ba.

Haka kuma kada doguwar eriya ta ruɗe ka a kasuwa. Eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, tattara shi take yi wuri guda, kamar yadda tocila ke tura haske gaba. Doguwar mai 9 dBi (ma'aunin yadda eriya ke tattara sigina) tana shimfiɗa siginar ne a kwance, in rautar tana bene kai kana ƙasa, tana iya ƙara lalata maka abin. Wanda ya san inda rautarsa take, kuma ba ta motsi, gara ya nemi eriya mai faɗi da ke fuskantar gefe guda ya saita ta.

Sai dai ranar da sabis ɗin kamfanin intanet ya yi rauni a shagon Yaya, ni ma a ɗaki rarrafe yake yi, ko da sanduna sun cika. Idan hadari ya taso kuma ina shigo da adaftar ciki, don ba a yi ta domin ruwa ba.