Kujerar da ba kowa, wa zai biya ta?

In ana hirar korona yawancin mutane rufe makarantu da masallatai suke tunawa, ni kam tasha ce ta fi tsaya min a rai, don mu da ba mu da motar kanmu a nan abin ya same mu sosai.

An tabbatar da shigowar cutar Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, mu nan Kebbi lokacin hankalinmu na kan bikin kamun kifi na Argungu da aka yi a watan Maris, motoci cike maƙil ba mai zancen takunkumin fuska. Ƙarshen watan sai ga kulle a Legas da Ogun da Abuja, daga baya aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha, ba a buɗe ba sai 1 ga Yuli.

To a cikin jiha fa dole mutane su motsa, mai kai kaya Jega zai kai, mai majinyaci a Birnin Kebbi zai je. Aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin tasha, yara na yawo da takunkumin atamfa da teloli suka ɗinka, wasu mata kuma niƙabi ya wadatar da su. Wannan duk mai sauƙi ne mutane sun karɓa. Har zama ya canza, kowa rububin gefen taga yake, gilas a sauke duk zafin Afrilu ga azumi a baki, kuma wallahi in tari ya kama ka a mota sai ka haɗiye shi don kar a juyo a kalle ka. Musabaha ta koma ɗora hannu a ƙirji, dattawa ne ma suka fi shan wuyar wannan.

Inda gizo ke saƙa shi ne rage fasinja. Motar da ta saba biyu a gaba huɗu a baya aka ce ta rage, to kujerar da ta zama ba kowa wa zai biya? Fetur ya sauko daga naira 145 zuwa 125 a watan Maris ɗin amma kuɗin mota sama ya yi, kuma ban ga laifin direba ba, yana da balas da zai kai wa mai mota ga kuɗin kamasho ga iyali. Na ji wata tsohuwa tana roƙon direba, "ɗan nan ka rage min, jikata zan dubo," shi kuma ya ce "Inna wallahi in na rage yau ba cefane," ƙarshe fasinjoji ne suka yi karo-karo suka cika mata.

Shi ya sa mutane suka koma dabara, tafiya uku a haɗe ta zama ɗaya, saƙo a ba direba a kira mai karɓa a waya, kuɗi a tura ta POS maimakon a kai da ƙafa, cikin gari kuma wasu suka bar Keke Napep suka koma hawan kabu-kabu ko su taka sayyadarsu. Waɗanda suka kasa kuwa sai su tsaya bakin hanya gaba da tasha, inda ake lodi yadda aka saba a kuɗin da aka saba, a matse su takunkumi a haɓa. Ba taurin kai ba ne ya tsayar da su a can, aljihunsu ne bai kai kuɗin tazara ba, kuma abin da ke min ciwo ke nan har yau.