Farin wata a kotun Beardstown

Yau a kotu wani matashin lauya ya yi ta yi wa shaida tsawa har alƙali ya kwaɓe shi. Sai na tuno Abraham Lincoln, tsohon ɗan majalisar Illinois a Amurka, lokacin da yake lauyan Duff Armstrong, wanda ake tuhuma da kisan kai, a shari'ar 1858 a garin Beardstown. Shaida Charles Allen ya ce ya hango kisan daga ƙafa 150, wajen sha ɗayan dare, farin wata tar. Lincoln bai musa ba, ya dinga sa shi maimaitawa har ya ɗaure kansa. Sannan ya zaro kalandar wata ta 1857: a daren 29 ga Agusta da abin ya faru, wata ya riga ya sauko, dab da faɗuwa. Aka sallami Armstrong.

Har na iso gida ina tunanin fuskar Allen da aka buɗe shafin nan.